Saƙon da ya isa bayan an binne Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mace ce, a Toranke nake aure, ni na yi jinyar mahaifinmu. Yayana yana aiki a Kaduna, mu biyu Baba ya haifa. Garinmu netwok sai an fita bakin titi, ko can ma ya zo ya ɗauke.

Ranar Talata da safe jikin Baba ya tsananta, yana ta kiran sunan Yaya. A ɗakin na ɗauki saƙon murya mai tsawo, na ce ya bar komai ya taho. Na fita titi na kira, bai shiga ba, saƙon kuma yana ta juyawa, sai aka ce in dawo Baba yana amai. Da la'asar ya ɗan sha kunu, na koma na rubuta, "Alhamdulillah ya sha kunu." Ashe wannan gajeren ne ya tafi, dogon ya maƙale, ni kuma ban duba ba. Yaya ya ga sauƙi ne, ya bari sai Juma'a. Laraba da hantsi Baba ya cika, kafin Yaya ya iso an kai shi.

Ranar uku na shiga Ajingi sayen kayan sadaka, wayata ta kama netwok, sai saƙon ya tafi da kansa. Yaya yana zaune cikin masu gaisuwa a bakin titi ya buɗe, ya ji muryata, a bayanta kuma muryar Baba tana kiran sunansa. An ce sai da aka riƙe shi.

Da na dawo ya ce ni na hana shi ganawa da ubansa, me ya sa ban ari waya ba, me ya sa ban aika a hau babur zuwa Gaya a kira shi ba. Wallahi na ɗauka saƙon ya tafi. Wata biyu ke nan ba ya ɗaga kirana. Matarsa ta ce kullum sai ya kunna saƙon, ya daina cin abinci sosai.

Mijina ya ce in ƙyale shi ya huce, gwaggonmu ta ce in je Kaduna in durƙusa. Ni kaina ban yafe wa kaina ba. In je ne, ko in jira? In na je, me zan ce masa?