Usur ɗin Baba Saja

Pantai Dalam, Kuala Lumpur

Ɗana Aminu,

Bayan gaisuwa, yaya aiki, yaya Zainab da yara? Ƙanwarka ta yi arba'in lafiya, jariri sai ƙiba. Ni ma ƙalau nake, sai ruwan garin nan da ba ya gajiya.

Ka ji rasuwar Baba Saja, tsohon sojan nan da ya zama bishof ɗin Angilika, ya gina sakandaren da na yi. Ƙanwarka ta ce ka ƙi zuwa ta'aziyya, wai gidan Kirista ne. Kai, ka ji kunya!

Mu ɗalibai Musulmi, da azahar ta yi, shi ke busa usur ɗinsa, ya tsaya da sanda har mu gama alwala. Yakan ce, "Ba na riƙe sojan da ke gudun fareti!" Sallar da na raine ka a kanta, da usur ɗin nan ta zauna mini. Kullum ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shi.

Ka je ranar Asabar, ka yi wa matarsa ta'aziyya da sunana. Ka goge takalmanka tukuna, don shi ƙasa yake fara dubawa.

Ka gaida Kawu Sani. Ku sa mu a addu'a.

Ummanka