Tsattsewa a Ɗakin Shanu

Wani ƙauye a Faransa,
Afrilu, 1954

Zuwa ga Yaya Susanna, a Samaru,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Kefas. Ni ma lafiya lau. Har yanzu ina nan ina yi wa Baturen kantin Sabon Gari aikin kuku, a gidan gonar iyayensa.

Sanyi ya fara sakinmu. Ban ma lura ba sai da tsattsewa suka iso, suna ɗibar laka suna gini a ɗakin shanu. Tsohuwar gidan ta ce wai daga wajenmu suke zuwa. Na yi dariya, na ce ai ba su riƙo mini saƙo ba. Akwai kuma wani tsuntsu mai kuka cikin kurmi, ku-ku, ku-ku, har yau ban ga idonsa ba.

Tabita ta daɗe ba ta aiko da takarda ba. Don Allah ki shiga Sabon Gari ki dubo mini su, ita da Janet.

Ƙanenki,
Cindo

Samaru,
Mayu, 1954

Ƙanena Cindo,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ka samu wuri ka zauna.

Matarka Tabita ta rasu. Sanƙarau ne, cikin zafin bazaran nan. Ta ce wuyanta ya ƙage, mako bai zagayo ba muka binne ta. Sa'ad da kake rubuto mini zancen tsattsewa, ta riga ta kwanta. Na rubuta maka tun a lokacin, da alama takardar ta ɓace a hanya.

Janet tana wurina. Ba ta kuka, sai dai ta tsaya a bakin zaure tana kallon hanya. Shamuwa sun sauka a kan kukar bayan gida, ruwa ya kusa, su Kefas sun fara sharar gonar gwaji.

Ka dawo, Cindo. 'Yarka shekararta huɗu.

Allah ya ba ka haƙuri.
Yayarka,
Susanna

Faransa,
Yuli, 1954

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Takardarki ta same ni ina feren dankali. Na karanta, na ninke, na ƙarasa feren. Da yamma Bature ya ce miya ta yi daɗi.

Ina ta jira in ji wani abu, Yaya, bai zo ba. Ina cin abinci, ina barci.

Mai ku-kun nan ya yi shiru. 'Ya'yan tsattsewa sun fito, baki rawaya, kullum a buɗe. Ɗaya ya faɗo, kyanwa ta ɗauke shi a gabana. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, ban kore ta ba.

Ki shafa mini kan Janet.

Naki,
Cindo

Samaru,
Oktoba, 1954

Cindo,

Bayan gaisuwa. Na karanta wa Kefas takardarka, ya tashi ya bar ɗakin. Mace ta mutu, kai kana ba ni labarin kyanwa!

Mun kwashe kayan ɗakinku na Sabon Gari, wani tela ya shiga. Ga kuma babbar magana. Abarshi, wan Tabita, ya zo daga ƙauyensu na bayan Shika. Ya ce 'yar da uba ya yar, dangin uwa ke tsinta. Da an shigar da dawa zai dawo ya tafi da ita. Kefas ya ce masa, "Ubanta na da rai." Abarshi ya ce, "A ina?"

Janet ta fara kiran Kefas Baba. Ban hana ta ba.

In kana da bakin magana, yanzu ne lokacinsa.

Ka huta lafiya.
Susanna

Faransa,
Nuwamba, 1954

Yaya Susanna,

Ina gaisuwa, ina kuma ba Kefas haƙuri.

Tsattsewa sun daɗe da tafiya. Sun yi ta jeruwa a kan wayar tangaraho, wata safiya na fito babu ko ɗaya. Bayansu wasu manyan tsuntsaye suka wuce can sama, kamar gauraka amma ba tukku, suna kuka. Yanzu hankaki kaɗai suka rage a gonaki. Na nan ba su da farin ƙirji, baƙaƙe ne wuluk.

Jiya na kai wa Bature kofi, na ce masa matata ta mutu. Ya ce yaushe? Na ce tun bazara. Ya daɗe yana kallona. Ban faɗa wa kowa ba sai jiyan, don duk gidan nan ba wanda ya san sunanta.

Ya ce zai nemo mini wuri a jirgin ruwa. Ki roƙi Abarshi ya dakata. Ban sani ba ko ina da abin da zan ba yarinyar nan, Yaya. Ji nake kamar ƙwarya da aka kife.

Ƙanenki,
Cindo

Bakin teku, Faransa,
Disamba, 1954

Yaya,

Gaisuwa. Gobe jirginmu zai tashi zuwa Ikko, daga can sai jirgin ƙasa. In na sauka a tashar Zariya, da ƙafa zan ƙaraso Samaru, kada kowa ya wahala zuwa tarye.

Ki ce wa Janet baƙo zai zo. Kada ki ce mata Baba. Ki bari ta dube ni tukuna.

A sauka lafiya, in Allah ya yarda.
Cindo