Hannu Ɗaya Ja, Hannu Ɗaya Kore

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Na san za ka yi mamakin ganin takarda, amma tunda wayarka ta zama ado, kullum sai dai "ina mitin", na ce bari in koma irin ta da. Ko banza takarda ba a katse ta.

Saƙo ne ya iso mini daga gida, har yanzu ina juya shi ban gane gabansa ba balle bayansa. Hannuwan rigar sanyi ne guda biyu, saƙar Mama. Hannuwa kawai, Yaya, babu rigar. Ɗaya ja, ɗaya kore. Tsawonsu kuwa, da na zura nawa hannun sai da ya ɓace a ciki, mijina ya gwada shi ma sun yi masa yawa. Yanzu haka 'yar ƙaramata ce ta saka su a ƙafa tana ja a tsakar ɗaki.

Ka san Mama da saƙa. Matar da ta taɓa warware hula sukutum don ta hango kuskure ɗaya a layin farko, ta kuma sa ni riƙe mata zaren ina kuka, ita ce yau za ta aiko abu rabi da rabi? Na kira ta na ce na ga saƙo. Ta ce, "To ki haɗa, ai na koya miki tun kina 'yar mitsitsiya. Ta ciki za ki ɗinke, kada ki ja zaren da ƙarfi." Na ce, "Mama, in haɗa da me?" Na ji tana magana ƙasa-ƙasa, can sai ga muryar Baba, wai layin ba kyau, ya kashe. Baban da bai taɓa sanin inda ake kashe waya ba.

Kai an aiko maka wani abu? Ka ba ni amsa don Allah, kaina ya ɗaure.

A gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, da fatan kuna nan ƙalau ke da maigidanki da yara.

Ni ma an aiko mini. Gaban riga da bayanta, kowanne daban, babu hannuwa, ba a kuma ɗinke su ba. Gaban ruwan ƙasa ne, bayan ja. Na kara a jikina, daidai ni. Saboda haka hannuwan da ke wurinki nawa ne, ki karɓe su daga ƙafar 'yarki. A cikin ƙunshin akwai 'yar takarda daga Baba, rubutun duk a karkace, yana cewa ga riga ruwan ƙasa mahaifiyata ta saƙa mini, irin kalar da nake so.

Na zauna na yi tunani, kuma abin da na hango bai yi mini daɗi ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana sana'a ba kuskure, rana ɗaya ya fara cakuɗa kala yana manta ƙarasa aiki, ina tsoron ruɗewar tsufa ce ta fara taɓa Mama. Ina rubuta wannan zuciyata ba daɗi.

Kin tuna abin da na faɗa a gabansu zuwanmu na ƙarshe. Ranar da suka kasa riƙe kansu, Mama ta koma wurinki tunda ke mace ce kin fi sanin hidimarta, Baba ya dawo wurina. Babu ɗayanmu da ke da wurin da zai ɗauke su duka biyu. Ba su ce komai ba a lokacin, na ɗauka sun amince.

Kin fi ni kusa. Ki je ki kwana biyu, ki lura da kyau, ki rubuto mini abin da kika gani, ba abin da kike so ki gani ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na je, na dawo, kuma wallahi gara kafin in je, don a da abu ɗaya ne ban gane ba.

Kan Mama lafiya lau. Tun daga ƙofa, kafin in gama sallama ta ce, "Auta ce." Ta tambaye ni yaranka ɗaya bayan ɗaya, har ta tuna wanda ulu ke sa wa ƙaiƙayi a wuya. Ta tuna mini kwanon da na fasa ina firamare na ɗora wa kyanwa. Wanda ya ruɗe ba ya riƙe laifin mutum haka.

Amma ga abin da na gani. Na je da ɗinkin nan mai ɗamewa, na shirya shan faɗa tun a mota, ba ta ce uffan ba. Sai da ta shafa kumatuna sannan ta ce na rame. Tana zaune a kujerarta ta bakin taga tana saƙa, sandunan na ta ƙas-ƙas-ƙas da sauri fiye da yadda na san ta, amma ko kallon hannunta ba ta yi, bango take kallo. Na fito da hannuwan rigar na ce ta tuna mini yadda ake ɗinkin. Ta ce allurarta ta ɓata. Yaya, allurar na soke a hannun kujerar da take kai, da idona ina kallon ta.

Shi kuwa Baba, ba za ka gane shi ba. Mutumin da bai san inda gishiri yake zama ba, yanzu duk inda Mama ta sa ƙafa yana biye da ita kamar jela. Ta shiga kicin, yana bakin ƙofa yana ba ta labarin da ba kai ba gindi: "Kofin nan na hagunki ya yi kyau yau." Ta ɗauki buta za ta zuba shayi, ya yi wuf ya tura kofin ƙarƙashi, rabin shayin ya zube a faranti don hannunsa na rawa. Na ce, "Baba, yaushe hannunka ya fara haka?" Ya ce sanyi ne. Gumi nake yi a lokacin.

Da zarenta ya ƙare ta ce, "Malam, miƙo mini ruwan ƙasan." Ya buɗe kwando, ya ɗauko kore shar ya ba ta. Ta karɓa ta ɗaura ta ci gaba. Na buɗe baki zan yi magana, ya zuba mini ido irin na roƙo, sai na haɗiye.

To yanzu ka faɗa mini, wane ne ba shi da lafiya a cikinsu? Ita da ta karɓa, ko shi da ya bayar, ko ni da na zauna ina kallo? Na dawo gida na sa sukari a miya saboda tunani.

Ka gaida Anti.
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki har sau nawa, ban fito da komai ba sai ƙarin damuwa. In ita ce, in shi ne, in su duka ne, magana ɗaya ce: bai kamata a bar su su kaɗai da wuta da tafasasshen ruwa ba.

Ƙarshen wata zan zo da mota. Na sa an fara kwashe kaya daga ƙaramin ɗakin karatuna saboda Baba. Ke ma ki gyara wa Mama wuri. Kada ki gaya musu tukuna, ni zan yi bayani da bakina.

Ba don ina so ba ne, kin sani. Ban ga wata hanya ba ce.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice yau, ka yi haƙuri. Ka dakatar da kwashe kayan nan ka karanta wannan a zaune.

Na kasa jiran ƙarshen wata. Na koma da hantsi ban sanar ba, ƙofa a buɗe, na shiga ban yi sallama da ƙarfi ba. Suna bakin taga su biyu, kai a haɗe. Mama ta riƙe allura a tsaye, hannunta ko motsi ba ya yi. Baba ya riƙe bakin zare yana neman kafar allurar, zaren na ta rawa, ya wuce ta dama, ya dawo ya wuce ta hagu. Tana cewa, "A hankali, Malam, ba kora ake yi ba." Yana cewa, "Ke ce kike motsawa." Suka yi musanya, ya riƙe allurar ita ta riƙe zaren, yana ce mata sama kaɗan, ƙasa kaɗan, allurar kuma na kaɗawa a hannunsa. Na daɗe a tsaye, zaren nan bai shiga ba. Kuka ne ya tona ni.

Idanunta ne, Yaya. Ta ce ya daɗe da farawa, kamar hayaƙi, yanzu inuwar mutum kawai take gani da hasken taga. Saƙa ba ta dame ta ba, ta ce wannan yatsu ne ke yi, ko cikin duhu za ta saƙa maka riga daidai kai. Haɗawar ce ke son ido, ita ce ta gagare su. Shi ya sa ta ce wa Baba ya tattara duka guda huɗun ya aiko mini in ɗinke in tura maka, a zuwan koya mini aiki take. Shi kuma da ya zo ƙunshewa ya ga dogayen abubuwa biyu, ya ɗauka ƙafafun wando ne na jikarsa, ya raba kayan gida biyu.

Maganar kala kuwa, na tambaye shi. Ya sosa ƙeya ya ce shi tun yana yaro ja da kore da ruwan ƙasa duk 'yan gida ɗaya ne a wurinsa. Ashe duk tsawon zamansu Mama ce ke fitar masa da kayan da zai sa, mu muna cewa gata ne. Ita ta sani sarai. Na ce, "Mama, kin san haka kika sa shi zaɓar zare?" Ta ce, "To wa zan sa? Na ce ko Allah zai sa ya dace." Da na faɗa mata kalolin rigarka ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe baki, ta yi dariya har da hawaye, daga nan kuma dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba.

Na ce me ya sa ba su faɗa mana ba. Baba ya ce, "Yayanki ya ce ranar da muka kasa, raba mu za a yi. Ni nake gane mata hanya, ita take saka mini maɓallin riga. In aka kai ta can aka kai ni can, kowa ya zama rabi." Ya roƙe ni kada in gaya maka. Ga shi na gaya maka, don na gaji da ɓoye-ɓoye a gidan nan.

Na kai su asibiti. Likita ya ce yanar ido ce, ana iya cirewa, yana sa ran ido ɗaya zai buɗe sosai, ɗayan sai an gani. Rawar hannun Baba kuwa sai dai a lallaɓa da magani, ba za ta tafi ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce za su iya zama su kaɗai kamar da ba. Ban san yadda za mu yi ba, wallahi ban sani ba. Abin da na sani, ni ba zan iya kama hannun Mama in sa ta a mota Baba na tsaye a ƙofa ba. In ka zo da wannan niyya, kai za ka yi da hannunka.

Na zura musu zare a duk allurar da ke gidan kafin in taho, na soke su a hannun kujera.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Sallama. Na ce a mayar da kayan ɗakin karatu. Na ji kunyar maganar da na yi a gabansu, ni zan janye ta da bakina. Zan zo a kan lokacin aikin idon, in zauna har ta warware, sauran mu shawarta mu huɗu.

Antinki ta nuna mini yadda ake riƙe allura. Na ɗinke gaba da baya, ta ciki, ban ja zaren da ƙarfi ba. Ki aiko mini hannuwana da wuri, da rigar zan zo.

Ki gaida Mama. Ki ce wa Baba na duba da kyau, duk ruwan ƙasa ce.

Yayanki