Musabahar Ranar Gasa

Illela, Lahadi.

Yaya Safiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya karatu? Inna na gaishe ki.

Yaya, an zaɓe ni gasar ces, wato darar Turawa mai sojoji da dawakai, ta makarantu ranar Asabar, da wani ɗan Konni za mu kara, Faruk sunansa. Na haddace buɗewar wasan da kika koya mini, wadda ake ba da sojan gefen sarauniya kyauta. Ba ita ke hana ni sukuni ba. Malamarmu ta ce ƙa'ida ce a yi musabaha kafin a fara. Ga Baba ya ce zai zo kallo. Kin san shi, in ya ga hannuna cikin na namiji, ni da ces har abada. In na ƙi kuma, ina tsoron a ce na faɗi tun ban taɓa soja ba.

A littattafaina na soyayya daga irin wannan haɗa hannu komai ke farawa, ni kuwa ko ido ban iya ɗagawa. Mi za ni yi?

Ƙanwarki,
Hamdiyya

Sakkwato, Laraba.

Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Ki rage littattafan nan, ba aure aka kira ki ba. Ki sami alƙalin wasa tun kafin a zauna ki gaya masa. Kuma kada ki yi saurin fito da sarauniya. Ki gaishe da su Baba.

Yayarki,
Safiyya

Illela, Asabar.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Alhamdu lillahi.

Sau biyu ina zuwa gaban alƙalin, ina juyowa ban gaya masa ba. Haka na zauna, ina hango farar hular Baba. Da aka ce a gaisa, sai Faruk ya ɗora hannunsa a ƙirji, kansa sunkuye, ya ce, "Allah ya ba mai rabo." Ashe shi ma kakansa na bayansa zaune! Na yi yadda ya yi, alƙali ya wuce abinsa.

Na ba da sojan, ya ci, na kama tsakiyar allo. Daga baya na yi sakaci da dokina, aka tashi kunnen doki. Ko a jikina.

Sai da muka iso bakin ƙofar gida Baba ya tambaye ni dalilin ba da soja kyauta. Na yi masa bayani. Ya jinjina kai, ya ce in gasar Sakkwato ta zo, shi da kansa zai kawo ni.

Ki tanadar mana masauki. Ki huta lafiya.

Taki,
Hamdiyya