Hoton da Na Toshe da Hannuna

Daren Laraba, Yelwa

Gobe da azahar za a rufe shafin neman shiga makarantar jinya, kuma har yanzu ban tura nawa ba. Tun la'asar nake bakin ruwa da wayar Inna, inda sabis yake ɗan kamawa, amma shafin ya ƙi buɗewa.

Sai na tuna Malamar kwamfuta ta ce waya tana jawo tarkace da yawa lokaci guda, sai a toshe marasa amfani. Na toshe talla, na hana bidiyo sauka, na kashe hotuna duka. Wallahi nan take ya buɗe! Na cike komai.

A ƙarshe aka ce in kwafi haruffan da ke cikin wani hoto. Babu hoton, ni na toshe shi. Ina kunna hotuna, duk abin da na rubuta ya goge.

Ɗazu Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, sa min wayata caji, da asuba za ni Warra sayen kifi."

Na ce to. To kawai na iya cewa. Ya Allah, ka buɗe min baki in roƙe ta ta bar min wayar kafin ta shiga jirgin ruwa.