Na Goge Bindigar Harlan

Woodward, Oklahoma
Litinin, 10 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga 'yata Darlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Curtis da yara. Yaya tarin 'yar autarki? Ina fata ya sake ta. Ni lafiyar jiki da sauƙi, in ban da gwiwar nan da kika sani.

Ban buga miki waya ba saboda layinmu na haɗaka ne, kafin in ce uffan maƙwabciyata matar Dunaway ta ɗaga nata kan tana saurare.

Darlene, na yi ɓarna.

Makonni biyu da suka wuce yayanki Harlan ya zo gidan nan. Kin san rabonsa da taka ƙofata shekara biyu ke nan, tun da na ba kawunku Floyd doguwar bindigar babanku bayan jana'iza ban shawarce shi ba. Ya zo, ya zauna a kujerar babanku, ya ci wake da burodin masara har ya ƙara. Da zai tafi sai ya shigo da wani ɗan akwatin katako daga mota. Ya ce an fasa gidan maƙwabcinsa, shi kuma zai yi mako uku a rijiyar mai, ba ya son ya bar shi a can. Ya ce, "Mama, ki ajiye min wannan. Duk abin da na tara babu kamarta."

Ƙaramar bindiga ce a ciki, libarba ta zamanin da, mai cin harsashi shida, irin wadda sojojin doki suke ratayawa, wai ta haura shekara ɗari. Bindigoginsa huɗu ya bayar, ya haɗa da sirdinsa, kafin wani mutum a Amarillo ya sakar masa ita. Ran Asabar mai zuwa zai zo ya ɗauka. An ba shi teburi nasa na kansa karon farko a baje kolin tsofaffin bindigogi na Tulsa, kuma akwai wani likita da ke jira ya saya a kan maganarsa.

A murfin akwatin ya liƙa wata takarda da rubutun hannunsa. Rubutun haɗe ne, irin mai tafiya kamar igiya. Ke kin san sai da na kai hamsin da takwas na koyi karatu a ajin manya na coci, kuma wararrun haruffa kawai aka koya mana. Na juya takardar nan sama da ƙasa ban kama ko kalma ɗaya ba. Na ji kunyar in ce masa ya karanta min, ina nan ina nuƙu-nuƙu har ya shiga mota ya tafi.

Shekaranjiya Asabar na buɗe akwatin. Sai na ga abu ya yi baƙi ya yi ja, kamar tukunyar da aka manta a rumbu. Na ce a raina, haba, yaron nan zai kai wannan gaban manyan mutane a haka, su ce ba shi da uwa? Na ɗauko soson ƙarfe da man da nake goge cokulan kakarku, na zauna a baranda tun safe har rana ta take. Na gama bututun da gefe guda, har fuskata nake gani a jiki. Na mayar ina jin daɗin kaina, na ce ran Litinin na ƙarasa ɗaya gefen.

Jiya bayan sujada na nuna wa ƙawata Imogene Kassner takardar, na ce mata tabaraina ne suka yi rauni. Ta karanta min: "Mama, don Allah kada ki goge ta, kada ki sa mata mai, kada ki taɓa ta da komai. Tsatsar nan ita ce darajarta." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ozella, ba dai kin..." A matakalar coci na zauna da kayan Lahadina.

Ta ce mijinta Virgil shekara arba'in ke nan ana kawo masa tsofaffin bindigogi yana tantancewa, in kai masa ran Laraba ko akwai dabara. Amma na ga fuskarta lokacin da take faɗa.

Ba bindigar ce damuwata ba, 'yar nan. Abu ɗaya ya ba ni amana bayan shekara biyu, ga abin da na yi da shi. In ya sake fita daga gidan nan a fusace, ban ga abin da zai dawo da shi ba, kuma ni ba yarinya ba ce da zan ce ina da shekarun jira. Kada ki kira shi. Ki dai sa ni a addu'a.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Mahaifiyarki,
Ozella Pruitt

*

Alhamis, 13 ga Oktoba

'Yata Darlene,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida, da fatan kun tashi lafiya. Na san wasiƙar farko ba ta daɗe da isa hannunki ba, shi ya sa na yi sauri da wannan don kada ki kwana cikin zullumi.

Jiya da hantsi na kai akwatin gidan su Imogene. Virgil yana ɗakinsa na bayan gareji, inda ko'ina warin mai da tsohuwar fata. Ya buɗe akwatin, ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Can ya ce, "'Yar'uwa Ozella, me bindigar nan ta yi miki?"

Imogene ta ce, "Kai dai duba aka ce ka yi, tsoho, ba wa'azi ba. Muna da fasto."

Ya ce, "Ai wannan jana'iza ce, dole a yi wa'azi."

Ya yi min bayani, ban kuwa ji daɗinsa ba. Wai masu tara irin waɗannan ba ƙarfen suke saya ba, shekarun da suka kwanta a kansa suke saya. Bindigar da aka kankare, ko ta wane ce, darajarta ta zube, kuma babu mai iya mayar da abin da na cire. Ya tambaye ni kwana nawa na yi ina fama da ita. Na ce safiya ɗaya. Ya ce, "Safiya ɗaya? Da wannan hannun naki?" Na ce ai tsatsar ba ta yi gardama ba, fita ta riƙa yi kamar baƙin tukunya. Ya ɗan yamutsa fuska.

Ni kuma don in rage wa kaina laifi sai na ce masa na dai yi hattara da rubutun da ke kan bututun, ban danna soson a wajen ba. Na ce har tausayin wanda ya yi rubutun na ji, don da alama shi ma a ajin manya ya koya, wani harafin ya hau, wani ya sauka, kamar nawa.

Darlene, sai mutumin nan ya tsaya cak. Ya ce, "Sake faɗa." Na sake. Ya jawo gilashinsa mai ƙara girman abu, ya matsa bakin taga, ya daɗe a sunkuye. Ya ce a masana'anta layin rubutun gaba ɗaya ake bugawa da hatimi guda, harafi ba ya tsallake ɗan'uwansa. Wannan kuwa ɗaya bayan ɗaya aka buga su da guduma. Ya kifa bindigar, ya bi ƙarƙashin bututun da haske, ya nuna min wani wuri da ya baje kaɗan inda ya kamata ya zama a zagaye. Ya ce zarto ne ya ci nan, an share tambarin ainihin inda aka ƙera ta. Sannan ya kwance noti ɗaya daga jikinta, ya ɗauko wani daga gwangwaninsa, na tsohuwar libarba ta gaske, ya gwada a ramin. Ya juya sau ɗaya ya cije, ya ƙi shiga.

Sai ya fashe da dariya har da tari, Imogene tana bubbuga masa baya tana cewa, "In za ka mutu ka gaya mata tukuna."

Ya ce, "'Yar'uwa, bindigar nan ko auta a gidanki ya girme ta." Wai a Italiya ake ƙera irinta saboda masu sha'awa da 'yan fim, kuma masu ƙerawar ba sa ɓoye komai, tambarinsu na jiki. Wani macuci ne ya same ta, ya share tambarin, ya buga lamba iri ɗaya a wurare ukun da masu saye ke dubawa, ya jiƙa ta da ruwan tsami da gishiri, ya binne ta a takin doki har ta yi kamannin tsufa. Lambobin nan da suka dace da juna su suka ruɗi Harlan. Virgil ya ce da tsatsarta a jiki, shi kansa sai ya wargaza ta kafin ya rantse.

Ya ce da yaron ya sayar wa likitan nan a kan maganarsa, daga baya asiri ya tonu, to sunansa ya mutu a wannan harka daga nan har Montana, don duka-duka su nawa ne, kowa ya san kowa. Amma da zan fita ya ɗaga min yatsa ya ce, "Kada ki ƙara. Sa'a kika taka, ba basira ba." Imogene ta ce, "Basirar taka ce ta ga haruffan?" Ya yi kamar bai ji ba.

Na dawo gida na ci abinci sosai, karon farko tun Lahadi. Har yanzu dai akwai Asabar a gabana. Virgil ya ce zai zo ya fara yi masa bayani kafin ya buɗe akwatin. Na yi masa godiya, na ce ya bari, ni zan yi.

Allah ya kiyaye min ku.

Mahaifiyarki,
Ozella

*

Lahadi, 16 ga Oktoba

Darlene 'yata,

Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau. Ki lura na ce mu.

Harlan ya iso jiya da rana, da kayan aikinsa a jiki, ya rame kaɗan. Na ajiye akwatin a kan teburin cin abinci, na ce ya zauna. Na ce, "Harlan, na goge bindigarka da soson ƙarfe. Ban iya karanta takardarka ba, na kuma ji kunyar in tambaye ka." Ban gaya masa sauran ba.

Ya buɗe. Kunnuwansa suka yi ja wur kamar na babanku. Ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Ya rufe akwatin a hankali, ya ɗauki hularsa, ya fita. Ina ji ya buɗe ƙofar mota, ya shiga, ya rufe.

Na tsaya a bakin murhu na riƙe tsumma, ban leƙa taga ba. Kunne kawai na kasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, na dai san gahawar da ke kan wuta ta tafasa ta zube ban motsa ba.

Sai na ji ƙofar motar ta sake buɗewa. Ya shigo, ya rataye hular a ƙusa, ya zauna. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Laifina ne, Mama. Na san irin rubutun da kike karantawa, da baki ya kamata in gaya miki." Ya shafa fuskarsa, ya ce, "Ƙarfe ne. Akwai sauran wake?"

A nan ne na zauna na kwashe duk abin da Virgil ya gano na gaya masa, haruffan, da gurbin zarton, da notin da ya ƙi shiga. Ya ɗauki bindigar ya je bakin taga, ya bi rubutun da farcensa. Ya faɗi wata kalma a kan mutumin Amarillo da ba zan rubuta ba, ko da na iya. Sannan ya juyo ya ce, "Tsaya. Tun Laraba kin san wannan? Kika bar ni na je na zauna a mota kamar wanda aka yi wa rasuwa?"

Na ce, "Na so in ji ko za ka tada motar ka tafi."

Ya dube ni. Can ya ce, "Kai, tsohuwar nan, ke ma fa ba dama ce." Ya yi dariya, ni kuma na yi kukan da nake riƙewa tun Lahadin da ta wuce.

Da la'asar ya je wajen Virgil ya ga komai da idonsa. Da ya dawo shi da kansa ya buga wa likitan waya ya gaya masa gaskiya, bai damu da ko matar Dunaway tana kan layi ba. Bindigoginsa huɗu da sirdin nan sun tafi ke nan, Virgil ya ce irin wannan mutumin ba ya kwana biyu a gari ɗaya. Abin yana cinsa. Amma zai je Tulsa. Ya ce a tsakiyar teburinsa zai ajiye ta yadda take, rabi tsatsa rabi sheƙi, duk mai son ya ga yadda ake cutar mutane ya zo ya gani.

Yau da safe a coci na roƙi gafara a kan abin da na yi masa, don na san ba daidai ba ne uwa ta gwada ɗanta haka. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, ban iya yin nadamar yadda ya kamata ba. A lokacin da yake zaune a motar nan, a saninsa na hallaka masa abin da ya fi so a duniya, makulli kuma yana hannunsa. Bai tada ta ba, Darlene.

Ki sumbaci yaran a madadina, ki gaishe da Curtis. Yayanki yana gaishe ku, yana waje yana gyara min ƙofar shinge.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki Ozella Pruitt