Waƙar Malamar Tamil a Kogin Gashuwa

Zuwa ga ƙanwata Falmata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya baƙunta a Indiya? Ya maigidan da 'yata Yagana? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har ta je biki Nguru.

Kin tuna bidiyon da kika turo mini ta waya, na malamar su Yagana tana koyar da haruffan yaren Tamil da waƙar fim? Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma karin waƙar ya ƙi barin kaina. Sai na ɗora masa haruffan Hausa, na kai wa 'yan ajina. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malama, makaranta ce nan ko gidan kallo? In suka faɗi jarrabawa, an daina." Na ce to.

Jiya da la'asar na je bakin kogi sayen kifi. Ruwa ya kwanta luf, rana ta yi ja a kansa. Can sai na jiyo waƙar tana tasowa daga wani kwalekwale. Ashe Malam Bukar ne, mahaifin wata ɗalibata, yana jan komar kamun kifi yana rera ba, bi, bu. Ya ce, "Malama, 'yarki ta hana mu sakat. Tana rerawa tana zana mini a ƙasa, har na gane harafin farko na sunana."

Na yi tsaye kamar mai mafarki, ina ji kamar ke ce za ki sauko daga kwalekwalen.

Ki sa mu a addu'a, jarrabawa ta matso. Ki gaida kowa. Kuma don Allah ki gaya wa malamar nan, waƙarta tana kama kifi a kogin Gashuwa.

Yayarki,
Hajara